Gona, lambu da baƙi: za su iya ɗaukar nauyin marayu?

Tambaya: Ina shugabantar wata 'yar ƙungiya mai taimakon marayu. Wani bawan Allah ya ba mu fili hekta 5 da rijiya a ciki, kusa da hanyar da 'yan yawon buɗe ido suke bi. Niyyarmu mu gina gidan marayu na yara 60, mu yi gona da lambu, mu gina masauki inda baƙi za su kwana su ga yaran su biya kuɗi, ko ma huta da bin masu hannu da shuni. Anya wannan zai riƙe kansa? Ta ina za mu fara?

Amsa: Hajiya, Allah Ya saka wa mai filin da alheri, ku kuma Ya ba ku ikon riƙe amana. Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Gonar za ta ciyar da yara abinci mai gina jiki, ta koya musu sana'a, ta rage muku wani kaso na ɗawainiya, amma ba za ta raba ku da neman gudummawa ba. Baƙi suna iya kawo kuɗi masu tsabta, da sharaɗin cewa lambun za su zo gani, ba yaran ba. Shi kuwa ginin yara 60, ina roƙon a dakata da haƙa harsashinsa tukuna.

Mu fara da lissafi, don a nan zumuɗi yake yawan kayar da mutane. Wanda hatsi ne ginshiƙin abincinsa yana cin kilo 150 zuwa 200 a shekara. Yara 60, ga masu raino, ga masu girki, ga masu gadi, a ce baki 75 ke nan. Ana maganar tan 11 zuwa 15 na hatsi duk shekara. Matsakaicin abin da hekta guda ta masara take bayarwa a Afirka kudu da Sahara wajen tan 2 ne. Ko da kun shuke filin kaf da masara, ba ɗaki, ba masauki, ba filin wasa, tan 10 za ku ɗauka idan damina ta yi kyau. Da iri mai kyau da isasshen taki ana iya ninka wannan, amma takin ma da kuɗi ake saye. Kuma a kasafin irin waɗannan gidaje da na sha dubawa, abinci ba shi ne babban rami ba. Albashin ma'aikata, kuɗin makaranta da na asibiti su ne suke lashe asusu, su kuwa ba sa jiran kaka.

Saboda haka ku sayi hatsi lokacin girbi da yake araha ku adana, filin kuma ku ba shi abin da yake da tsada, mai saurin lalacewa, wanda jikin yaro ya fi rasawa: ganyaye, tumatir, kabewa, wake, 'ya'yan itace, ƙwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ya kai shekara 10 yana buƙatar aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana. Na yara 60 kilo 24 ke nan kullum, kuma rubu'in hekta da ya samu hannu da ruwa zai iya kusantar wannan. Ruwan ne abin dubawa. A tsakiyar zafi kayan lambu suna shan wajen lita 5 a kowane murabba'in mita a rana, wato rubu'in hektar nan kaɗai na neman lita 12,500 daga safe zuwa yamma. Kafin ku sayi iri ko ƙwaya ɗaya, ku jira ƙarshen rani, lokacin da ruwan ƙasa ya fi yin nisa, ku sa injin ya yi ta ja na tsawon sa'o'i, ku auna lita nawa rijiyar take bayarwa a sa'a da kuma tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta sake tarawa. Wannan adadi shi zai yanka muku girman lambu. Na ga lambunan da aka shata da igiya bisa girman fili, aka yi dashe, tumatir ya fara fure, rijiya ta ƙafe.

Kiwon kaji shi ne abin da kowa yake fara ambata, kuma shi ya fi saurin cinye jari. Kazar ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, ba ta fara saka ƙwai sai ta kai mako 18 zuwa 20, abincinta kuma shi ne wajen kashi biyu cikin uku na duk abin da za a kashe. Kaji 500 suna cin kusan kilo 60 kullum, ko sun yi ƙwai ko ba su yi ba. Ku fara da kaɗan, ku koyi rigakafi da tsaftar keji a kan asarar da za ku iya ɗauka. Sannan ga wata ɗabi'a da nake nacewa a kanta: gona ta riƙa “sayar” wa ɗakin girki, ko da a takarda ne kawai. Duk kiret ɗin ƙwai da duk kwandon ganyen da ya shiga tukunya a rubuta shi da farashin kasuwa na ranar. In ba haka ba, ƙarshen shekara mai kula da gona zai ce ya ciyar da gida, ma'aji ya ce gona ta cinye kuɗin marayu, kuma babu mai hujja a hannu.

Akwai cibiyoyin da suka yi nisa a wannan hanya, ya kamata ki san girman abin da suke da shi. Ƙauyen Nyumbani da aka buɗe a 2006 a yankin Kitui na Kenya yana kan fili eka 1,000, da yara kimanin 1,000 da tsofaffi wajen 100 da cutar ƙanjamau ta raba da 'ya'yansu, kowace kaka da rukunin yaran da take riƙo. Sun dasa ɗaruruwan eka na wani itacen katako mai jure fari, wanda sai ya shekara goma ko fiye ake sara. Cibiyar da Charles Mulli ya kafa a Kenya a 1989 ta kai ga fitar da koren wake zuwa Turai, amma har yau tana da rassan tara gudummawa a Amurka da Kanada. A Ruwanda, ƙauyen matasa na Agahozo-Shalom, wanda aka buɗe a 2008 saboda marayun kisan ƙare dangi na 1994, yana da gona, sannan ya ba da hayar wani ɓangare na filinsa aka kafa tashar wutar hasken rana mai megawat 8.5. Duka sun fi ku fili nesa ba kusa ba, kuma babu wadda ta sallami masu ba ta gudummawa. Idan gonarku ta ɗauke kayan miya, ta biya ma'aikatanta, ta bar ɗan rara, ta yi abin da ake nema a wurinta.

To wa zai yi aikin? Nan ne ƙungiyoyi masu kyakkyawar niyya suke zamewa ba su sani ba. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2021 ya ce yara miliyan 160 ne ake sa su aikin da ya fi ƙarfinsu ko yake hana su karatu, kashi 70 cikin ɗari kuma a harkar noma suke. Yarjejeniyar ƙwadago mai lamba 138 ta 1973 ta yarda da aiki mara nauyi daga shekara 13, ko 12 a ƙasashe masu tasowa, matuƙar bai taɓa lafiya ko makaranta ba. Aiki mai haɗari, irin feshin maganin ƙwari, sarrafa inji, ɗaukar kaya masu nauyi, sai an cika 18. Yaro ya samu ɗan fangalinsa, ya shuka, ya ga tsiro, ya ci ko ya sayar ya riƙe kuɗinsa, wannan tarbiyya ce. Yara su tashi da asuba su yi ban ruwan hekta guda kafin su tafi aji, wannan ƙwadago ne, ko da an kira shi koyon sana'a. Gwajin ba wuya: a makon jarrabawa, idan babu yaron da ya leƙa gona, shin yabanya za ta bushe? In za ta bushe, yaran ne leburorinku.

Manya za ku ɗauka aiki ku biya su, kuma waɗanda suka fi cancanta su ne iyayen marayun nan da mazajensu suka rasu, da kakanni da 'yan'uwan da suke riƙon su. Don koyarwa kuwa akwai tsarin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Shirin Abinci na Duniya suka fara a Mozambik a 2003, musamman saboda marayun ƙanjamau 'yan shekara 12 zuwa 18. Rukunin yara kimanin 30, maza da mata, suna haɗuwa sau biyu ko uku a mako a wata 'yar gonar gwaji, daga shuka har girbi, suna lura da ƙwari da ƙasa da ruwa, ana haɗa musu da darasin lafiya da na zaman duniya, a ba su abinci, sannan kowa ya koma gidansu. An yi shi ne saboda an lura cewa idan uba da uwa suka rasu da wuri, ilimin noman da ake gado a gona yana tafiya tare da su.

Yanzu ga maganar baƙi, wadda ita ce ta sa na tsawaita amsar. Tunaninku ba sabo ba ne, an gwada shi a ƙasashe da dama, kuma an ga inda ya kai. A Kambodiya, wani bincike da UNICEF ta tallafa ya nuna cewa gidajen marayu sun ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, daidai lokacin da baƙi suke tururuwa zuwa ƙasar, musamman garin Siem Reap da ke kusa da tsoffin gine-ginen Angkor. Wajen uku cikin kowane yara huɗu da ke gidajen suna da uwa ko uba a raye. A Nefal, mafi yawan gidajen yara suna cikin gundumomi biyar da baƙi suka fi zuwa, ciki har da Katmandu da Chitwan da Kaski, inda garin Pokhara yake. Lokacin yaƙin basasar ƙasar, daga 1996 zuwa 2006, dillalai sun riƙa shiga ƙauyukan kan duwatsu irin na gundumar Humla suna karɓar yara, har da kuɗi daga iyayensu, da sunan za a kai su makarantar kwana a birni. A birni sai a yi musu takardun ƙarya cewa iyayensu sun mutu.

Na san ba wannan ne nufinku ba. Da yawa daga masu waɗancan gidaje ma ba da shi suka fara ba. Abin da yake faruwa shi ne hanyar shigar kuɗi tana sauya buƙatar ƙungiya a hankali. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: kin karɓi kuɗin baƙo don ya ga marayu, to sai kin nuna masa marayu. Ranar da kawun wani yaro ya zo ya ce ya samu hali zai ɗauki ɗan ɗan'uwansa, ma'aji zai fara lissafin gadon da zai zama fanko. Baƙo ya fi buɗe jaka idan ya ga rufi yana yoyo da yaro ba takalmi, don haka gyaran rufin sai ya yi ta jinkiri. Ƙananan yara sun fi jan tausayi, sai a fi son karɓar ƙanana, alhali su ne zaman gidan marayu ya fi cutarwa. Babu wanda ya zauna ya ƙulla mugunta a nan. Kowane mataki yana da uzurinsa a ranar da aka ɗauke shi.

Duk wanda ya taɓa halartar ranar baƙi a irin wannan gida ya san yadda take. Mota ta tsaya, an fito da yara daga aji, an jera su bisa tsawo, sun yi waƙar maraba. Kafin baƙuwa ta ajiye jakarta wata 'yar shekara uku ta ruga ta ƙanƙame mata ƙafa, ta miƙa hannu a ɗauke ta. Baƙuwa ta yi hawaye, ta ce ba ta taɓa ganin yara masu son mutane haka ba. Masana halayyar yara kuwa wannan ne abin da yake tayar musu da hankali. Yarinyar da ta shaƙu da mai rainonta tana ƙyuya, tana laɓewa a bayan zane tana leƙen baƙo. Wadda take faɗa wa jikin kowa ta rasa mutum guda tsayayye da za ta kira nata. Da yamma baƙuwar za ta tafi, wani mako wata ta zo, ita ma ta tafi. Yaron da mutuwa ta riga ta raba shi da uwa, kun sa shi yana maimaita rabuwa duk mako, kuma ana biyan ku a kan haka.

Ƙari a kan wannan, ƙofar da kuɗi ke buɗewa ba ta tantance mai shiga. Masu lalata da yara sun san babu inda ya fi sauƙin kai wa ga yaro mara mai tsaya masa kamar gidan da ke maraba da duk wanda ya biya. Hotunan da baƙi suke ɗauka su watsa a intanet, da sunan yaro da labarin yadda iyayensa suka mutu, suna nan har ya girma ya je neman aiki ko aure. Duniya ta fara farga. Ƙungiyar Friends-International ta fara gangami a Kambodiya a 2011 da saƙon cewa yara ba abin kallon 'yan yawon buɗe ido ba ne. Ostireliya, da dokarta ta 2018, ta zama ƙasa ta farko da ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin nau'in bautar zamani. A Disambar 2019 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su magance illar aikin sa kai da yawon buɗe ido a gidajen marayu. Kamfanonin tafiye-tafiye da dama sun cire irin wannan ziyara daga tsarinsu. Ko ta fuskar kasuwa ma, hajar da kuke shirin kasawa tana rasa masu saye.

To me baƙo zai biya? Abin da zai biya ko da babu yaro ko ɗaya a wurin. Lambu mai tsari da inuwa, inda zai zaga da ɗan jagora ya ga yadda ake haɗa takin gargajiya, yadda ake auren itatuwa, yadda ake kiwon zuma. Abinci da aka tsinko da safe aka dafa da rana. Ɗaki mai tsabta da ruwa a banɗaki. Dashen itatuwa, zuma, busassun 'ya'yan itace da zai saya ya tafi da su. Kwas na kwana biyu ko uku ga mai son fara lambu. Cibiyar Songhai da Fada Godfrey Nzamujo ya kafa a Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin a 1985 ba gidan marayu ba ce, amma ta nuna cewa gona kaɗai tana jan baƙi: kashin dabbobi ya zama iskar gas da taki, ruwan tafkin kifi ya shiga lambu, ragowar lambu ta koma wa dabbobi, mutane kuma suna zuwa daga ƙasashe su kwana, su ci, su koya. A Hanoi ta Biyetnam akwai KOTO, da Jimmy Pham ya fara a 1999, a Siem Reap kuma akwai makarantar Sala Baï tun 2002. Dukansu suna horar da matasa marasa galihu aikin otal da girki, baƙo ya ci abinci ya biya. Wanda ya kawo masa farantin matashi ne mai koyon sana'a da kayan aiki a jikinsa, kuma ba a ba baƙo tarihin maraicinsa tare da lissafin kuɗi.

Ku raba wurin biyu da shinge da ƙofa daban-daban. Baƙo ba ya shiga inda yara suke kwana ko karatu, ba ya ɗaukar hotonsu, ba ya keɓewa da yaro, ba ya ba yaro kyauta hannu da hannu. A rubuta wannan, kowane baƙo da ma'aikaci ya sa hannu, a kuma naɗa mutum guda da yara suka sani wanda za su kai wa ƙara. Ɗan sa kai da ya zo da gaske a ba shi cebur, ko lissafin asusu, ko gyaran famfo, ko ya horar da malamai. Raino aikin ma'aikaci ne na dindindin. Wasu baƙin za su ji haushi, su ce sun zo daga nesa. Ku ba su haƙuri, ku gaya musu dalili. Akasari wanda aka yi wa bayani ya fi sakin hannu.

Kada kuma ku gina masauki babba da bashi. A 2020, da annobar korona ta rufe iyakoki, masu yawon buɗe ido tsakanin ƙasashe sun ragu da fiye da kashi 70 cikin ɗari, cibiyoyin da suka jingina tukunyarsu da baƙin waje suka shiga halin ni-'yasu. Rikici ko rufe hanya ma yana yin haka a dare ɗaya. Ɗakuna uku ko huɗu sun isa gwaji. Baƙin cikin gida, wato makarantun da ke kawo ɗalibai, iyalai a ƙarshen mako, ma'aikatun da ke neman wurin taro, ba sa biya da yawa amma sun fi dawowa. Kuɗin baƙi su tafi ga abin da zai iya jira, kamar dashen itatuwa da gini. Abincin yaro da kuɗin makarantarsa a ɗora su a kan abin da ba ya yankewa.

Saura ginin. A ƙididdigar UNICEF ta 2015, yara kusan miliyan 140 ne a duniya suka rasa uwa ko uba, amma waɗanda suka rasa duka biyun miliyan 15 ne da 'yan kai. Mafi yawan marayu suna da uwa a raye, ko kaka, ko gwaggo. Ƙungiyar Save the Children ta ƙiyasta a 2009 cewa aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da ke gidajen marayu suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne yake kai su, da neman makaranta. Ka'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan kula da yaran da ba sa hannun iyayensu sun ce talauci kaɗai bai isa dalilin raba yaro da danginsa ba, kuma 'yan ƙasa da shekara 3 a cikin iyali ya kamata a rene su. Hujja mafi ƙarfi ta fito daga Romaniya: daga 2000 masu bincike suka bi yara 136 na gidajen marayun Bukares, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda aka mayar sun fi waɗanda aka bari kaifin fahimta da iya shaƙuwa, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika shekara 2.

Don adalci, ba kowane bincike ne ya tafi haka ba. Wani da masana Jami'ar Duke ta Amurka suka wallafa a 2009, kan yara 'yan shekara 6 zuwa 12 a ƙasashe biyar, ya samu cewa na gidajen marayu ba su gaza na hannun dangi ba. Kuma kowa ya san akwai gidan dangin da maraya yake zama bawa, a ci gadonsa a hana shi makaranta. Ni abin da na ɗauka daga wannan shi ne dangin da aka bari da talauci ba mai leƙa su ba mafita ba ne, don haka aikin yana wurin tallafa musu da sa ido a kansu. Ruwanda ta bi wannan hanya: a 2012 ta ƙirga yara 3,323 a gidaje 33, ta tsara mayar da su cikin iyalai tare da ma'aikatan jin daɗin jama'a masu bibiya, kuma mafi yawansu sun koma. Kenya tun 2004 ta fara ba iyalan da ke riƙon marayu tallafin kuɗi kai tsaye. Yarjejeniyar 'Yancin Yara ta 1989 ma, a sashe na 20, ta ambaci kafala, wato ɗaukar nauyin yaro, ta shari'ar Musulunci da sunanta cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyaye.

Da ni ce ƙungiyarku za ta bi, filin zai zama cibiya, yara kuma su zauna a gidajensu. A yanka wani ɓangare fangali-fangali a raba wa masu riƙon marayu su noma da ruwan rijiyar. A yi wurin renon dashe da zai ba su iri. A ba da akuya ko kaji bisa sharaɗin 'yar fari ta wuce gidan wani maraya, tsarin da ƙungiyar Heifer, wadda ta fara aiki a 1944, ta shahara da shi. Kuɗin da zai riƙe yaro ɗaya a gidan marayu, da albashi da gadi da gyaran gini, zai riƙe yara da dama a hannun danginsu. Sai a gina ɗan gida ƙarami, na yara shida zuwa takwas da uwa guda tsayayya, saboda wanda aka tsinta ko wanda aka ƙwato daga cutarwa, da rajistar hukuma, kuma kowane yaro da fayil ɗinsa da ke nuna ana neman danginsa ko iyalin da zai riƙe shi.

Ga tsohuwar da ƙarfinta ya ƙare kuma gidanta ya yi nisa da filin, akwai lambun da ya yaɗu a Lesoto lokacin da ƙanjamau ya bar kakanni da jikoki. Da'ira ce mai faɗin mita 2, a ɗaga ta da duwatsu har kusan ƙugu, a cika da ƙasa da toka da taki. A tsakiya a kafa kwando na sanduna, a bar wata 'yar hanya kamar an yanke ɓari guda, yadda mutum zai shiga ya kai hannu ga kwandon. Ɓawon kayan miya da ruwan wanke-wanke duk cikin kwandon ake zubawa, su riƙa tsatsafowa zuwa saiwoyi. Ba sunkuyo, ba ɗaukar ruwa mai yawa, kuma ganye ba ya yankewa a tukunya. Guda ɗaya a bakin ƙofar masaukinku zai zama abin nuna wa baƙi, har wani ya biya a gina wa wata kaka nata.

Farawa kuwa daga takarda ne, kafin rijiya ma. Filin ya fita daga sunan mai kyauta, kada kuma ya shiga sunanki ko na wani ɗan kwamiti. A yi masa rajista da sunan amintattun ƙungiya, magadan mai filin su sa hannu tun yana raye. Asalin wannan tsari, wato wakafi, sananne ne: da Sayyidina Umar ya samu fili a Khaibar, Manzon Allah (SAW) ya shawarce shi ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Gona da masauki su samu asusunsu daban da na marayu, da mai binciken kuɗi daga waje duk shekara, don kada asarar kaji ta haɗiye kuɗin makaranta. Sannan ki kula da jimlar da za a rubuta a matsayin manufar wakafin. Idan aka rubuta “don gina gidan marayu”, waɗanda za su gaje ku bayan shekara talatin dole su nemo yaran da za su cika gadaje, ko babu buƙata. Ki sa lauya ya rubuta cewa amfanin filin na marayu ne da masu riƙon su, a duk inda suke zaune, har da jarin sana'a ga wanda ya cika shekara 18.